Kawu da Lasisin Wuta

Da hantsi ne, ana wani yayyafi marar zuciya, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya ɓata wa mutum riga, Mai Bene ya tsaya da motarsa a ƙofar shagonmu. Bai fito ba. Gilashi kawai ya sauke, ya kira Kawu da yatsa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne maigidana a aikin wuta. A hannunsa na koyi komai, tun daga fere bakin waya har haɗa akwatin wuta na gida guda. Unguwa ta san shi da Mai Hannun Roba, saboda ba ya kashe wuta idan zai yi aiki. Ni kuwa Hawainiya yake ce mini, wai kafin in ɗaure soket ɗaya, matar mai gidan ta haihu ta yaye.

Shi Mai Bene wani attajiri ne da yake gina dogon gida a bayan kasuwa, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Tun ana haƙa harsashi ya yi wa Kawu alkawarin wayarin ɗin gidan gaba ɗaya. A kan wannan alkawarin muke numfashi, don shagonmu ya daɗe yana rayuwa a kan canjin ƙwan fitila da gyaran fankar da ta gaji.

"Mai Hannun Roba," in ji shi, "kamfanin wuta sun ce ba za su jona mini ba sai mai lasisi ya yi aikin, ya sa hannu. Kana da shi?"

Kawu ya ɗaga hannayensa biyu, ya juya su gaba da baya, duk tabon ƙuna. "Ga lasisina."

"Wannan ba ya shiga fayil. In magina suka gama shafe ba ka kawo mini takarda ba, zan ba wa wani."

Gilashin ya koma sama. Kawu ya tsaya a cikin yayyafin yana yi wa bayan motar bayanin shekarun da ya yi a sana'a.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa Kawu ba ya kashe wuta, don ba hauka ba ne, lissafi ne. Ya sha zaunar da ni ya ce, "Hawainiya, ka san abin da mutane suke biya idan sun kira mu? Ba waya ba ce, ba gumi ba ne. Tsoro suke biya. In ka je gidan mutum ka kashe babban makunni, ka kwance ƙusa biyu ka ɗaure, zai ce ai ɗansa na firamare ma zai iya, ya sallame ka da sannu da aiki. Amma in ka bar ta a kunne, ka ce kowa ya ja baya, ka sa tartsatsi ya ɗan tashi, matar gidan ta yi salati, to ko nawa ka faɗa ba ya ciniki." Haka yake yi kuwa. Yakan taɓa waya da bayan yatsa, ya ɗan girgiza kafaɗa, ya juyo ya sanar wa jama'a, "Akwai wuta," kamar wanda ya ɗanɗana miya ya ce gishiri ya ji. A wurinsa da abokansa, mai gyaran da ya kashe wuta kafin aiki ya faɗi ƙasa, ba a gaishe shi da sunan sana'a.

Da ya huce, ya je ya yi rajistar jarrabawa. Ya sa sunana ni ma, ba don yana zaton komai ba, wai don in riƙe masa jaka, in kuma ga yadda manya suke yi.

Akwai aji da ake yi da yamma kafin jarrabawar. Kawu ya je sau ɗaya, ya gyara wa malamin magana a gaban kowa, ya ce ba zai zauna yaron da bai taɓa jin wuta a haƙorinsa ba ya koya masa aiki. Ni na ci gaba da zuwa. Karatuna bai yi nisa ba, ina bin layi da yatsa, in na kai ƙarshensa wani lokacin na manta farkonsa. Auta, ƙanwata, ita take karanta mini littafin a tsakar gida, ina maimaitawa. In na yi kuskure ta buga mini littafin a ka, ta ce, "Yaya, wannan kan naka akwai wayar da ta tsinke a ciki."

A gida kuwa an riga an fara cin albashina. Babban yayanmu, wanda aikinsa latsa waya a ƙarƙashin bishiya, ya shigo wata rana yana haki. Ya ce ya gani da idonsa, a wasu ƙasashe mai gyaran wuta da lasisi ya fi likita samu, yana da motar kansa da sunansa a jiki, kuma sai ka yi layi kafin ya zo gidanka.

"Ya fi likita?" in ji Inna.

"Wallahi Inna. Awa-awa ake biyansu. Ko tsayawa ya yi yana sosa ƙeya, agogo yana tafiya."

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "To in awa-awa ne, ai wannan ɗan nawa ya warke. Duk duniya babu mai cin awa kamarsa."

Daga ranar ta fara zuwa kallon firiji a shagon kayan wuta, tana buɗewa tana rufewa. Auta ta zaɓi waya. Yaya ya ce shi ba ya son komai, zai dai zama manajana.

Sashen rubutu na jarrabawar muka tsallake mu biyu, ni da ƙyar, Kawu da ƙorafi. Saura gwajin hannu.

Wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, an jera alluna a bango, kowane allo da akwatin wutarsa, da fitila da soket, an ɓoye wata matsala a ciki. A gefen kowane allo an rataye ƙaramin kwaɗo ja da wani kati mai igiya. Ƙa'idar a bayyane take, an yi ta faɗa mana a aji: ka kashe babban makunni, ka sa masa kwaɗo, ka rataya katin da ke cewa akwai mutum a kan layi, ka jefa makullin a aljihunka, ka gwada da mita ka tabbatar wutar ta mutu. Sai bayan nan hannunka zai taɓa waya.

Mai gwajin ta shigo da hular kwano da allon rubutu. Mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Injiniya ake ce mata. Kawu ya sunkuyo ya ce mini, "Je ka tambaye ta yaushe ubangidanta zai zo."

Ta ji shi. Ta ce, "Ya zo, Baba. Bismillah, kai ne farko."

Kawu ya naɗe hannun riga. Ya dubi kwaɗon, ya ture shi gefe da ɗan yatsa kamar ƙuda. Ya waiwayo ya ga sauran masu jarrabawa sun zuba masa ido, sai na ga ƙirjinsa ya buɗe. Na san abin da zai biyo baya. Na yi tari. Na sake yin tari har maƙogwarona ya yi zafi.

"A ba yaron nan ruwa," in ji Kawu. "Kowa ya ja baya."

Ya buɗe akwatin, ya kai bayan yatsa, ya girgiza kafaɗa. "Akwai wuta."

Gaskiya aikin ya yi kyau. Kafin Injiniya ta ƙaraso ta sauke makunnin da hannunta, ya riga ya gano wayar da aka sassauta ya ɗaure ta, fitilar ta haska ta mutu. Wani daga baya ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da shi kashe sauro.

Injiniya ta ce, "Baba, ka gama. Ɗauki kayanka."

"Na sani na gama, 'yata. Ki rubuta lokacin da na ɗauka, don a riƙa nuna wa na baya."

"Ka faɗi."

Kawu ya dubi ƙasa, kamar yana neman inda ya faɗin. "Fitilar ta kama ko ba ta kama ba?"

"Ta kama."

"To?"

"Ba fitila na zo dubawa ba. Duk wanda na ba wa lasisi, gobe yara zai ɗauka su yi aiki a ƙarƙashinsa, abin da suka ga yana yi shi za su yi. Kai hannunka na roba ne, na ji labari. Nasu na nama ne."

"Tun ba a haife ki ba nake wannan aikin!"

"Allah ya tsare ka da yawa ke nan. Kada mu gajiyar da tsarewar. Ana sake gwaji baɗi. Na gaba."

Na gaban ni ne. Na bi abin a hankali fiye da kullum. Na kashe, na kulle, na rataya kati, na jefa makulli a aljihu, na shafa aljihun na ji yana nan. Na gwada mitar a soket mai wuta don in tabbatar ita kanta tana da lafiya, na gwada layina, na sake gwadawa. Injiniya ta yi hamma. Ta je ta duba wani, ta dawo ta same ni ina fere waya kamar mai gyaran farce. Da na gama na kunna, fitilar ta kama.

"Kullum haka kake?" ta tambaye ni.

"Wani lokacin nakan fi haka jinkiri, ranki ya daɗe."

"Za ka tsufa," in ji ta, ta yi rubutu.

A hanyar komawa ina bayan Kawu a babur, jakarsa a cinyata. Muka yi ta tafiya har muka kusa shago. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "An fara ba wa matsorata takarda. Sana'a ta mutu."

Lasisin da ya fito ɗan kati ne, bai kai tafin hannu ba, da hotona a jiki na yi kama da wanda aka kama da akuyar mutane. Inna ta naɗe shi a leda, ta zaga da shi gidajen maƙwabta. Washegari na fara ganin abin da sana'ar take biya. Gwaggo ta aiko da dutsen guga. Mijin yayarmu ya ce in zo in duba masa mita, tana gudu kamar an biyo ta. Wani da ban taɓa gani ba ya ce shi abokin marigayi Babanmu ne, firijinsa yana jan yara. Kowa ya sa mini albarka, albarka mai yawa, har da ta jikokin da ban haifa ba. A ɗaya gefen kuma ofis suka ce akwai kuɗin hatimi, akwai na ƙungiya, akwai na sabuntawa duk shekara, kuma duk gidan da na sa wa hannu, in ya kama da wuta ni za a fara nema kafin a nemi ruwa.

Ranar biyan kuɗin aiki Kawu ya miƙo mini abin da ya saba ba ni tun ina riƙe masa tsani, ya ɗora ɗan canji a kai. "Ka sha ruwan sanyi, Injiniya," in ji shi.

Yaya ya tare ni a zaure ya ce a matsayinsa na manaja yana son ya ga abin da ya shigo. Na buɗe masa hannu. Ya duba, ya duba wayarsa, ya sake duba hannuna. "Anya lasisin nan na gaske ne?"

Ana cikin haka Mai Bene ya aiko a kira ni, ni kaɗai. Na same shi a hawa na biyu na ginin, magina suna ta shafe. Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya kira ni ɗansa.

"Na ji ka ci. Madalla. Aikin nan naka ne. Ka bar tsohon nan, zamaninsa ya wuce. Ka ɗauki yara biyu, ku yi."

Na tambaye shi a kan nawa. Abin da ya faɗa bai kai rabin abin da suka yi da Kawu ba.

"Ranka ya daɗe, na ɗauka mai lasisi ya fi tsada."

"A ina? Kai yaro ne, ba mata ba 'ya'ya, me za ka yi da kuɗi? Suna nake ba ka. Kuma ni na ga yadda kuke aikin nan na zamani, a kashe wuta a ɗaura ƙusa. Ai ko ɗana zai iya."

Na tsaya ina kallon wani magini yana jifan bango da siminti. Ko rabin nan ya fi duk abin da na taɓa riƙewa, firijin Inna yana ciki har da canji. Amma na san in na karɓa, kafin wata ya ƙare Kawu zai rufe shago, ya koma zama a bakin titi yana ba yara labarin tartsatsi. Kuma gidan babba ne. Ni na iya bin ƙa'ida, amma Kawu ne yake tsayawa a ƙofar gini ya dube shi sau ɗaya ya san ta inda kowane bututu zai bi.

Na ce, "Farashin da kuka yi da maigidana, shi ne farashin. Shi zai ja aikin, ni zan sa hannu. In bai yi maka ba, akwai masu lasisi a cikin gari, suna da ofis da sakatariya."

Ya san farashin masu sakatariya. Ya sauke hannunsa daga kafaɗata, na daina zama ɗansa. Ya ce mu fara ranar da shafe ya bushe.

Saura Kawu. Na same shi a shago yana kwance wata fanka. Ban gaya masa tayin da aka yi mini ba. Na ce Mai Bene ya yarda, aiki yana nan, farashi yana nan. Fuskarsa ta saki. Sai na ce akwai magana biyu.

"Yau kuma Hawainiya ce da magana har biyu?"

"Ta farko, kasona zai zama na mai sa hannu, ba na mai riƙe tsani ba."

Ya yi tsaki, ya ce za a duba. A bakin Kawu wannan amincewa ce.

"Ta biyu, Kawu, a ginin nan ba mai taɓa waya sai an kashe an kulle. Har kai."

Ya ajiye sukundireba a hankali. "Ni? A gaban magina? Ka san abin da za a ce a gari?"

"Sunana ne a takardar."

"Sunan naka wa ya raɗa masa sana'a? Fita mini daga shago. Je ka auri kwaɗon."

Na fita. Ya kai ƙara wajen Inna, ya ce ta haifi ɗan da zai koya wa kawunsa tsoro. Inna ta ce masa ita dai firiji take jira, su daidaita.

Ranar fara aiki na isa ginin da sassafe, ban san ko zai zo ba. An ja wutar wucin gadi daga layin titi zuwa wani akwati a ƙasan matakala, daga nan masu walda da masu yankan tayil suke sha. Ina tsaye da ɗan jan kwaɗona sai na ji babur. Kawu ne, ya sa sabuwar riga, a hannunsa wani ƙaton kwaɗo irin na ƙofar sito, wanda zai iya tsare shanu.

Bai dube ni ba. Ya tafa hannu ya tara magina da leburori da masu fenti.

"Kowa ya matso! Ku saurara da kyau, don ba na maimaita magana. Wutar da ke cikin gidan nan ba irin ta gidajenku ba ce. Wannan in ta kama mutum, sai dai a share shi da tsintsiya. Ni kaina da kuke gani, Mai Hannun Roba, ba na wasa da ita." Ya ja babban makunni ƙasa da ƙarfi, injin yankan tayil ya yi shiru. Wani lebura ya ja da baya. Kawu ya ga haka, muryarsa ta ƙara kauri. "Wannan tsari nawa ne, na daɗe ina nazarinsa. Ko shi yaron nan da aka ba wa takarda, a wurina ya gani. Ko ba haka ba, Hawainiya?"

"Haka ne, Kawu."

Ya zura kwaɗon, ya danna shi ya yi ƙara, ya juya wa akwatin baya yana fuskantar jama'a. Ya shiga ba su labarin wani mutum da wuta ta jefa daga saman rufi ta cire masa takalmi. Makullin kuwa yana nan a jikin kwaɗon, yana lilo da ɗan zarensa, inda duk mai yankan tayil da ya ƙosa zai iya murɗawa. Na ga ɗaya daga cikinsu ya fara kallon wurin.

Na ɗauki jakar kayan aiki, na zagaya ta bayan Kawu kamar mai neman wurin ajiyewa. Na zare makullin, na sake shi cikin aljihun rigarsa na gefe.

"Kuma abin da ya fi komai," in ji Kawu, ya ɗaga yatsa sama, "makulli ba ya kwana a ko'ina sai a jikin maigida." Ya shafa ƙirji, bai ji komai ba. Yatsan da ke sama ya ɗan sauko. Ya shafa gefe, ya zura hannu, ya fito da shi ya ɗaga kowa ya gani. Magina suka gyaɗa kai.

Ya juyo ya same ni tsaye a bayansa.

"Kai kuma me kake jira a nan kamar an dasa ka? Ɗauko tsani."